Ranar da Muka Karanta Rigar Darakta

Har in bar aikin nan ba zan manta da ranar da na kashe injin jirgin sama da hannu ɗaya ba, ni da matsayina bai kai in ɗaga wa matuƙi ko yatsa ba. Ku sababbin ɗauka ku matso, tunda jirgin Abuja ya makara kamar yadda ya saba, in ba ku labarin.

A shekarun da rikicin nan ya yi zafi ne, lokacin da mutanen Mubi da Michika suka cika Jimeta. Mu kanmu a gidanmu na Jambutu har a zaure ana kwana. Filin jirgin nan da a da muke yini muna korar ƙuda ya koma kamar tashar mota, jiragen soja su tashi, na masu agaji su sauka. Ni a lokacin direban tanka ne kuma mai zuba mai, wato mataki na biyu daga ƙasa. Sama da ni akwai shugaban shif, Oga Emeka, wanda kuka sani. A Jambutu aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gudu, sai dai a bakinsa mace da namiji duk "ya" ne. Sama da shi manaja, sama da manaja kuma mutanen hedikwata, waɗanda ba ma ganinsu sai in za a ɗauki hoto.

Ga wanda bai san aikin ba, zuba wa jirgi mai ba kamar na gidan mai ba ne. Ka faka tanka yadda in wuta ta tashi za ka fice ba tare da ribas ba. Ka maƙala waya tsakanin tanka da jirgi don kada tartsatsi ya tashi. Ka ɗebi man a kwalba, ka ɗaga ka duba ko akwai ruwa ko datti, injiniyan jirgi ya gani ya yarda. Sannan ka hau tsani da tiyo. In ka gama ka rufe murfi, a sa hannu a takarda, ka naɗe tiyo ka janye. Daga nan jirgi ya fita hannunka. Mai ba jirgi hannu ne kaɗai ke magana da matuƙi.

Ranar wata Laraba ce, cikin zafin nan na gab da damina, wanda kwalta ke kama takalmi. Ƙaramin jirgi ne mai farfela biyu, zai kai ma'aikatan jinya da kwalayen magani Maiduguri. Injiniyarsa Rifkatu ce, 'yar wajen Ganye, mace marar yawan magana wadda ko matuƙa suna shakkarta. Hamma take ce mini, wato yaya, don na girme ta. Na zuba masa mai a fukafukai biyu, ta duba murafe, ta sa hannu, na janye tanka can baya ta gefen hagu na tsaya.

A ranar kuma muna da baƙo. Wani darakta ne daga hedikwata ya zo duba yadda muke kiyaye dokokin tsaro. Tun safe yake yawo cikin farar shadda, babbar riga da ta sha bugu, yana rubuta laifuffukanmu a ɗan littafi. Ya ga bokitin yashi bai cika ba, ya rubuta. Ya ga hular Oga Emeka ta karkace, ya rubuta. Da wayarsa ta yi ƙara sai ya tsallake jan layi, ya je ya tsaya bayan jirgin, daidai wurin da aka rubuta da manyan baƙaƙe kada a tsaya. Babu wanda ya hana shi. Wa zai koya wa darakta doka?

Matuƙi ya tayar da injin hagu. Iskar farfela ta cika babbar rigar, Darakta ya zama kamar tanti. Ya gudo wajen tanka dafe da hula, sai ya tsaya yana shinshina hannun riga, man jirgi kuwa warin kananzir gare shi.

"Kananzir! Wa ya watsa mini mai?"

Oga Emeka ya rugo. "Yallaɓai, sannu, sannu. Buba, me ka yi?"

"Ban yi komai ba, Oga. Tiyona a naɗe yake."

"Ka karɓi katinsa," in ji Darakta. "Yau ya gama aiki a nan. Wannan sakaci ne. Na gani da idona."

Abin da ya gani da idonsa Allah kaɗai ya sani, don jirgin ya ba wa baya tun da ya fara waya, ko kallona bai yi ba. Amma karɓe katin shiga ba wasa ba ne. In aka cire maka shi daga wuya, ko ƙofar filin ba ka ƙara wucewa sai an zauna a kanka, ga shi gidana cike da baƙi. Na kai hannu zan cire, sai idona ya faɗa kan gilashin tanka.

Nan sai in tsaya in yi muku bayani. Shekara da shekaru ni ke wanke tankar nan, na san yadda mai ke sauka a kan abu. Ruwa in ya ɗiga kan fenti dunƙulewa yake yi. Man jirgi ba ya dunƙulewa, yana taɓa abu sai ya baje. In babu iska, ɗigo ya faɗo tsaye ya bar tabo zagayayye kamar kwabo. In iska ta ɗauko shi, a karkace yake bugawa, sai tabon ya yi kai da jela, jelar tana nuna inda iskar ta nufa. In kuma iskar mai ƙarfi ce irin ta farfela, tun a sama take farfasa ɗigon, ya zama feshi, wanda ya bugi abu da ƙarfi ya sake tarwatsewa ya bar 'yan ƙanana a gabansa. Kuma feshin shi ne mugun. Man jirgi a kwance yana da wuyar kamawa, amma in ya zama feshi ya haɗu da ƙarfe mai zafi, ba ya neman ashana.

Gilashina kuwa cike yake da 'yan mitsi-mitsin tabo masu jela, duk sun kalli gefe ɗaya. Ina kallo wasu sababbi suna sauka. Na bi jelar da ido zuwa inda ta fito, sai ga ni ina kallon injin hagu. An riga an cire katakon taya, jirgi na shirin motsawa da mutane a ciki.

Ban san lokacin da na bar su Oga ba. Na zagaya nesa da farfela, na sha gaban mai ba da hannu, na ja tafina a maƙogwaro, alamar a kashe inji. Matuƙi ya kalle ni, ya kalli rigar aikina, ya ga ba ni ne mai wannan magana ba. Na sake ja, har sau uku. Dokarsu ta ce ko mahaukaci ne ya ba da wannan alama a kashe tukuna, a yi faɗa daga baya. Ya kashe.

Faɗan kuwa ya zo. Matuƙi ya sauko yana zuba Turanci. Darakta ya ce yanzu laifina ya zama biyu. Rifkatu ta shiga ƙarƙashin fiffike, ta shafa, ta duba kwalta, ta fito.

"Hamma, babu komai. Ko ɗigo babu a ƙasa."

Oga Emeka ya raɗa mini, "Buba, ka kashe ni. Wannan mata ya ce babu, kai wane ne?"

Na ce, "Injiniya, ba zai sauka ƙasa ba, iska ta kwashe. Wanda ya sauka kuma kwalta ta shanye da wannan rana. Gilashina ma ya fara bushewa. Amma akwai inda bai bushe ba." Na juya na rusuna. "Yallaɓai, don Allah a taimaka a tsaya cak."

"Me?"

"Rigar za mu duba."

Kafin ya sami bakin zagina Rifkatu ta riga ta kama gefen rigar ta baza. Ta ce ya juya, ya juya. Ta ce ya ɗaga hannu, ya ɗaga. Mutumin da tun safe muke ɓuya in mun hango shi, ga shi a tsakiyar kwalta hannu a sama kamar wanda tela ke aunawa. Ma'aikatan jinya na leƙe ta taga.

Na nuna mata. Gaban rigar fes, ko tabo ɗaya. Bayan kuwa, daga kafaɗa har hula, tabo ne ƙanana birjik, waɗanda suka sauka a gefen hannu duk sun ja jela. Na ce, "Da daga tiyona ne, da a ƙafar wando za ki gani, manya, zagayayyu. Tiyo ba ya tofi sama. Kuma ina Yallaɓai ya ba wa baya?"

Ta koma jirgi, wannan karon ba ƙasa ta duba ba, bayan injin ta bi da yatsa, ta shinshina. Ta sa aka kawo tsani, ta buɗe murfin inji, ta sa aka sauke fasinjoji aka matsar da su nesa, aka kira motar kashe gobara ta tsaya kusa. Sannan ta ce wa matuƙi ya kunna famfon mai kaɗai, kada ya tayar da inji. Yana kunnawa sai ga wani siririn feshi kamar na kwalbar turare yana fita daga mahaɗar wani bututu. Tsagewar ba ta kai kaurin gashi ba, ba ta zubarwa sai famfo ya matsa. Tsakaninta da salansa bai kai tafin hannu biyu ba.

Matuƙin da ke zagina ya zauna a matakalar jirgi ya riƙe kai. Wata dattijuwa cikin ma'aikatan jinya ta zo ta kama hannuna da hannu biyu, sannan ta koma. Rifkatu ta sauko tana goge hannu, ta ce, "Hamma, na gode." Wanda ya san ta ya san wannan doguwar magana ce.

Jirgin bai tashi ba sai washegari da aka kawo sabon bututu. Katina ya zauna a wuyana. Amma kada ku ɗauka an yi mini kiɗa. Bayan mako biyu takardu biyu suka iso daga hedikwata. Ta farko rahoto ce da ke yaba wa Darakta, wai saboda sa idonsa aka gano yoyon mai a jikin wani jirgi. Ta biyu tawa ce, ta tuhuma: in bayyana cikin kwana biyu dalilin da ya sa na ba jirgi alama alhali ba aikina ba ne.

Oga Emeka ya karanta su biyun, ya yi dariya har ya sauka daga kujera. Ya ce, "Ai ba ƙarya suka yi ba. Da bai tsaya a wurin da aka hana ba, wa zai kawo mana shaida? Bayansa ne ya sa ido." Shi ya zauna ya rubuta mini amsa, layi uku, ya ƙara da cewa shi ya umarce ni. Bai umarce ni ba, amma ya sa hannu. Rifkatu ta haɗa da nata rahoton, maganar ta mutu a nan.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi nake so ku ɗauka. In kun ga tabon mai, kada ku fara neman tsumma, ku fara tambayar daga ina ya zo, siffarsa za ta gaya muku. Ƙasa a bushe ba ta nufin jirgi ba ya yoyo. In kuma kun tabbata akwai haɗari, ku ba da alama ko ba aikinku ba ne. Takardar tuhuma za ta zo, wannan ba shakka, amma takarda ana amsa ta a zaune. Manyan kuma ku bar su da yabonsu. Ku dai ku lura da wanda zai sa hannu a madadinku ranar da abu ya ɓaci, ku riƙe shi da kyau, don a wannan aiki ba su da yawa.