Kududdufin Bayan Gidanmu

Da ƙasar kududdufin bayan gidanmu kakanninmu suka gina unguwarmu a Ƙofar Gayan, ramin da ya rage kuma shi ke shanye mana ruwan damina. Da fili ya yi tsada, sai aka cike shi da shara, aka yanka filaye, aka jera shaguna a kai. Babu wanda ya tambayi inda ruwan zai koma sai mahaifina. Aka ce tsufa ne, ba ya son ci gaba. Da damina ta kankama, ruwa ya kwanta a tsakar gidanmu, ya ci gindin bango. Ɗakin mahaifina ne ya fara zubewa, yana ciki yana karatu bayan la'asar. Shagunan suna nan, har an ɗora musu bene.