Katin da Baba Ya Yanka a Makarfi

Baba ya yi shekaru yana fushi da zaɓe. Tun ina ƙarami wani ɗan takara ya zo ƙauyenmu da ke gundumar Janfalan, ya zauna a tabarmar Baba, ya sha furarsa, ya yi alkawarin kwalbati a kan rafin da ya raba mu da babbar hanya. Ya ci zaɓe, ba mu sake ganin ko ƙeyarsa ba. Daga ranar Baba ya wanke hannunsa. Ko da aka fito da katin roba mai hoto, kowa yana rububin yanka, shi ko kallo bai ishe shi ba. Ranar zaɓe sai ya saɓi fartanya ya bi ta gaban layi, yana gaida mutane ɗaya bayan ɗaya har da tambayar iyali, ya wuce gonar rakensa.

Wanda ya sauko da shi wani malamin gona ne ɗan ƙauyenmu, wanda ya yi ritaya ya fito takarar kansila. Mutumin ya shafe shekaru yana zagaya gonaki a kan tsohon babur, yana duba tsutsa a masara, yana faɗa da mutane a kan yadda suke barbaɗa taki a rana tsaka. Ba shi da daɗin baki ko kaɗan, kuma wannan ne ya burge Baba. Ya ce mutumin da ya iya gaya masa a fuska cewa kunyoyinsa sun karkace ba zai yi masa ƙarya a kan kwalbati ba.

Nan take Baba ya koma ɗan siyasa, ba wanda ya sa shi. Gida gida yake bi bayan la'asar, yana tambayar magidanta ko sun yanki kati, su da matansu. Wanda ya ce bai yanka ba sai ya sha wa'azi, kamar ba Baba ne ya fi kowa daɗewa ba shi da shi ba. Wata Juma'a a ƙofar masallaci, gaban mai unguwa da liman da kowa da kowa, ya ɗaga murya ya ce ƙuri'arsa ce za ta fara faɗawa akwati, kowa ya shaida. A ƙauyenmu maganar da dattijo ya yi a ƙofar masallaci ba a mantawa da ita.

Ni malamin firamare ne a makarantar ƙauyen, inda ake ajiye akwatin zaɓe, kuma ni kaɗai ke da babur mai lafiya a gidan. Sau uku Baba ya ce in kai shi Ikara, hedikwatar ƙaramar hukumarmu, ya yi rajista. Na farko na ce ana jarrabawa. Na biyu na ce taya ba ta da kyau. Na uku ma ban tuna abin da na ce ba. Gaskiyar magana, layin nake gudu. Na san Baba: idan muka je sai ya gaida duk wanda ke ofishin, ya tambayi kowa ɗan gidan wa ne, mu wuni a can. Ni kuwa mutum ne mai gajen haƙuri, tun ina yaro ake faɗa mini. Da ya daina tambaya sai na ji daɗi a raina, ban ko tsaya na yi tunanin dalili ba.

Wata rana ya dawo daga cin kasuwa, yana kwance rawaninsa ya ce, "Na yanka." Na ce madalla, na ci gaba da gyaran littattafan yara. Ban tambaye shi a ina ba. Bayan wasu watanni ya sake dawowa daga kasuwa da katin kansa, ya naɗe shi a leda, ya sa a aljihun 'yar ciki. Ko Inna, mahaifiyata, bai bari ta taɓa ba, wai hannunta da manja.

Saura kwana takwas zaɓe ya kira ni zaure, ya warware ledar a hankali, ya miƙo mini don in ga hoton. Hular ta karkace, ya zare ido kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Na yi dariya har da ƙwalla, shi ma yana taya ni. Ina cikin dariyar idona ya sauka kan rubutun da ke gefen hoton. Inda ake sa ƙaramar hukuma an rubuta Makarfi.

Na ce, "Baba, a ina ka yanki katin nan?"

Ya ce, "A Makarfi mana. Ranar da na kai rake na tarar ana yi, layin ma ba tsawo. Yarinyar da ke rubutu ta ce a ina zan jefa, na ce ko'ina ma. Ta ce makarantar da ke kusa da kasuwa ta yi? Na ce ta yi. Yarinya mai ladabi, har kujera ta ba ni."

"Baba, katin nan ba zai yi aiki a nan ba. Mu 'yan Ikara ne. Sunanka yana can Makarfi."

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. "To Makarfin ba tamu ba ce?"

A nan ne matsalar take. Lokacin da Baba yake saurayi, Ikara da Makarfi da Kudan duk hukuma ɗaya ce. Daga baya aka rarraba. Ba wai bai ji labari ba, ya ji, amma a kunne abin ya tsaya. A Makarfi yake sayar da rake, a can wanzaminsa yake, ƙanwarsa tana aure a Kudan, jana'iza da suna ba inda ba ya zuwa a cikin ukun nan. Bai taɓa cin karo da wata iyaka a hanya ba, balle ya san an ja ta a takarda. A wurinsa kati na gwamnati ne, akwati ma na gwamnati ne, duk inda ka kai ɗaya ɗayan zai karɓa.

Na yi masa bayani sau biyu, na biyun da ɗan zafi, abin da har yau nake nadama. Na ce kowane akwati da jerin sunayensa, wanda ba ya cikin jerin ba a ba shi takardar ƙuri'a, ko shi ne ya gina ajin. Na ce ko ya je Makarfi ya jefa, kansilan can zai zaɓa, malamin gona ba ya cikin takardarsu. Ya karɓi katin, ya mayar cikin leda. Sai ya tambaye ni ko na duba awaki, ya tashi ya fita.

Ranar Litinin na nemi izini a makaranta na hau babur sai Ikara, tayar da na ce ba ta da kyau ta kai ni lafiya lau. A ofishin zaɓe na sami wata ma'aikaciya, 'yar kudancin jihar nan ce, Hausarta tas. Ta saurare ni har na gama. Ta ce ana sauya wa mutum wurin zaɓe, ba wani abu ba ne mai wuya, amma an rufe tun tuni, sai bayan zaɓe idan an sake buɗewa. Na fara ɗaga murya, ina cewa tsoho ne, bai iya karatu ba, ya kamata a duba. Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Malam, na ji maka. Irin su Baba shi ya sa ake so wani nasu ya rako su ranar rajista." Ba da gatse ta faɗa ba, ba ta ma san komai ba. Na yi godiya na fito.

A hanya na shirya dabaru biyu. Da na iso na same shi a gona yana ɗaure rake, na zayyana masa. Ko dai ya tafi Makarfi tun ranar Juma'a ya kwana wurin abokinsa, tunda ranar zaɓe ba a zirga-zirga, mu ce tafiya ce ta kama shi. Ko kuma ya kwanta a ɗaki, Inna ta ce zazzaɓi ne.

Ya ce, "In je in dangwala wa mutumin da ban san ubansa ba? A'a. Ciwo kuma ba na kiransa da bakina."

"To ya za a yi, Baba? Mutane za su yi dariya."

"Za su yi," in ji shi. Ya ci gaba da ɗaurinsa.

Kwanakin da suka rage bai fasa bin gidaje ba, sai dai ya rage magana a gida. Tuwo ma rabi yake ci. Inna ta tsare ni a bakin murhu ta ce me na yi wa mijinta. Na gaya mata rabin labarin, na ɓoye rabin da ya shafe ni. Ta dube ni ta ce ai ita tana tsakar gida duk sau ukun da ya tambaye ni. Ta juya ta ci gaba da tuƙi.

Ranar Asabar da sassafe Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani, ya ɗauki sanda. Na bi shi a baya. An riga an liƙa jerin sunaye a bangon ajin da nake koyarwa, mutane suna bi da yatsa suna neman hotunansu. Maza sun ja layinsu, mata nasu ta wajen bishiyar darbejiya. Ma'aikatan zaɓe sun ɗaga akwati sama sun nuna wa kowa ba komai a ciki. Da aka hango Baba sai layin maza ya dare. Mai unguwa da kansa ya ce, "Bismillah, kai ne farko, kai ka faɗa."

Baba ya taka har gaban tebur, ya gaida ma'aikatan, ya tambaye su gajiya. Sannan ya juya ya fuskanci jama'a, ya ciro katin ya ɗaga.

Ya ce, "Jama'a, na yi muku alkawari ba zan iya cikawa ba. Katina na Makarfi ne. A kasuwa na yanka, ban san an raba akwati ba. Sunana ba ya jikin bangon nan. Wanda ke bayana ya matso."

Sai taubashinsa, wani tsoho ɗan ƙanwar mahaifinsa wanda tun suna yara ba sa raga wa juna, ya fashe da dariya har yana dafa gwiwa. Ya ce, "Ashe shugaban yaƙin namu baƙo ne! A ba ɗan Makarfi ruwa ya sha, ya sha hanya!" Dariya ta ɓarke har layin mata. Wasu na rufe baki don kunyar furfurarsa, wasu ko a jikinsu. Baba ya yi ɗan murmushi, ya koma gindin darbejiya ya zauna a kan benci.

Bai tafi gida ba. Duk tsohuwar da ta zo sai ya tuna mata ta busa tawadar kafin ta naɗe takarda, kada ta shafi wani gurbin. Malamin gona ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ba komai, ai Baba ya kawo masa mutane da yawa. Baba ya ce, "Na kawo na mutane. Tawa ce ban kawo ba." Mutumin ya koma wurin wakilansa.

Rana ta ɗaga, layi ya kawo ni daidai bishiyar, tsakanina da bencin bai fi taku biyar ba. Taubashin nan ya riga ya jefa tasa, ya zo ya zauna kusa da Baba yana nuna masa tawadar da ke farcensa. Sai ya hango ni. Ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ni abin da ya ɗaure mini kai, kana da ɗa malami, ga babur a gida. Bai iya kai ka Ikara ba ne?"

Kawuna suka juyo. Iyayen ɗalibaina ne kusan dukkansu. Na buɗe baki, ban san me zai fito ba.

Baba ya riga ni. Ya ce, "Ban gaya masa ba. Ni na yi gaban kaina."

Taubashi ya ce ai ya sani, taurin kan nan tun na yarinta ne, aka sake dariya, layi ya matsa. Na karɓi takardata na shiga bayan labule. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na daɗe a tsaye da yatsa a sama har ma'aikacin ya tambaya ko lafiya.

Aka ƙirga ƙuri'u a gaban kowa kafin la'asar, malamin gona ya yi rinjaye a akwatinmu. Matasa suka ɗau ihu. Baba ya jira aka gama sa hannu a takardar sakamako, sannan ya miƙe ya kama hanyar gida, ina biye da shi. Sai da muka wuce gidaje, ba kowa sai mu biyu tsakanin gonaki, na iya magana.

Na ce, "Baba, ai ka gaya mini. Sau uku."

Bai juyo ba. Ya ce, "Na sani. Ni tsoho ne, in sun yi mini dariya gobe ma za su gaishe ni. Kai kuwa jibi 'ya'yansu za su zauna a gabanka."

Ya ci gaba da tafiya yana dogara sandarsa, ni kuma ina bayansa har muka isa gida.