Ido Takwas da Gidajen Gizo-gizonsa

Ina cikin ɗinka maɓalli a wuyan riga autar aminina ta tsaya a ƙofar shagona. Ko sallama ta kasa yi. Ta ce, "Baba Tela, Baba ya cika." Allura ta shige mini yatsa, ban sani ba sai da na ga jini a farin yadi. Na yi salati, na ɗaga kai na dubi shagonsa da ke kallon nawa, a kulle.

Gyaran agogo ne sana'ar aminina, amma duk layinmu Ido Takwas ake ce masa. Wajen gizo-gizo ya samo sunan. Ba mai saƙa a kusurwar ɗaki ba, ɗan ƙaramin nan da ke yawo a jikin bango da rana, ya laɓaɓo wa ƙuda, ya daka tsalle ya danne shi. Shi ya fara gaya mana idonsu takwas ne, biyun gaba manya kamar fitilar mota. Aka yi ta dariya, suna ya bi shi, shi kuwa yana amsawa da fara'arsa.

Bai taɓa kashe ko ɗaya ba. Kofin gilashi yake kifa masa, ya zura kwali ta ƙasa, ya ajiye a tebur tsakanin batura da ƙananan kusoshin agogo, ya maƙala madubin aikinsa a ido. In ya gama kallo sai ya mayar da shi daidai inda ya ɗauko shi. Mai ɗakinsa takan aiko a ce masa, "Wai da me za a ba baƙi shayi? Kofunan gidan nan duk sun koma ɗakin gizo-gizo."

A wurinmu duk gizo-gizo ne. Shi kuwa ya ce gida-gida suke kamar mutane, kama da juna ba ta sa a zama 'yan gida ɗaya. Autarsa ta sa shi cikin wani zaure a waya, inda masu son irin waɗannan halittu ke tura hotuna daga ƙasashe. Can suna da sunayensu masu karya harshe, sai ya raɗa wa na bangonmu nasa. Akwai gidan Shimfiɗaɗɗe, mai launin toka, wanda ke manne da bango kamar an goge shi da dutsen guga. Akwai gidan Mai Ɗamara, namijinsu baƙi da farin layi a gadon baya. Akwai gidan Mai Safa, namijinsu na kaɗa wasu 'yan fararen hannaye a gaban baki.

Ranar da na ƙara ganin girmansa, ranar da aka yi masa gyara ce. Ya daɗe yana ware wata mai ruwan ƙasa a matsayin gida na huɗu. Mutanen zauren suka ce masa ai matar Mai Ɗamara ce. Da wani ne, da ya yi shiru ya haɗiye. Shi kuwa ya tsallako titi da gudu, madubi na lilo a wuyansa.

"Tela! Ashe shekara da shekaru raba aure nake yi ban sani ba!"

Har mai shayi sai da ya ji labarin.

Mazan ba su da wuyar ganewa. Matan ne aiki. Matar Mai Ɗamara da matar Mai Safa duk ruwan ƙasa ne, in ba ka natsu ba sai ka rantse 'yan uwa ɗaya ne.

Da ciwon suga ya taɓa masa ido, ya rufe shago bai yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Ya ce, "Tela, in na tafi, duk layin nan za a koma cewa gizo-gizo kawai. Ko mutum ɗaya a ce ya san gidajensu." Ya sa ni gaba da karatu, kullum ina faɗuwa a kan matan nan.

"Kai da kake zura zare a allura ba tabarau! Idon ne babu ko kan?"

"Kan ne, Ido Takwas. Da ina da shi ai da ba da kai nake abota ba."

Zuwana na ƙarshe da la'asar ne. Na ga wata macen gizo-gizo a jikin ƙofar shagona, na kifa mata kofi, na bi titi da ita a tafin hannu, mutane na kallona. Na same shi kwance, ya rame, ba ya ganin komai sai haske-haske.

"Na zo maka da baƙuwa."

Ya yunƙura, na tokare shi da matashi. Ya lalubo madubinsa a ƙarƙashin filo ya miƙo mini.

"Shimfiɗe take?"

"A'a, kanta a tashe yake."

"Launi?"

"Ruwan ƙasa."

"To ai matar Mai Safa ce, sake ta kawai."

Na san tarko ne. Na matsa bakin taga, na riƙe numfashi har ta juya mini baya.

"Ba ita ba ce. Wannan ta fi ta girma. Ga layi mai haske ya bi tsakiyar bayanta, ga fararen ɗigo biyu can wajen ƙarshe. Matar Mai Ɗamara ce."

"Ka tabbata, ko cinta ka yi?"

"Na tabbata."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ɗaga murya iya ƙarfinsa ya kira mai ɗakinsa. "Zo ki ji! Tela ya yi kai!" Ya kama hannuna ya riƙe, ni kuma na bar hawayena suna zuba, tun da ba gani zai yi ba.

Na sa masa madubin a tafin hannu, ya turo mini shi.

Na ce, "Aro dai ko?"

Ya ce, "Aron me, Tela? Ni na gama kallona. Maza ka mayar da ita inda ka ɗauko ta, kada ta kwana a gidan mutane."