Tarin da ke Bayan Waƙa

Habboba ce ta fara jiyar da ni garmaho. Maƙwabciyata ce a unguwar Hayyin Ashir, a Masar, ƙofarta na kallon tawa a hawa na huɗu. Tsohuwa ce, Bahaushiyar Sudan, kowa a benen Habboba yake ce mata, wato kaka a bakin mutanen can. Mijinta mai gyaran tsofaffin rediyo ne kafin ya rasu, shi ya bar mata akwatin nan mai hannun wanawa, da wani ƙaton mazurarin tagulla a kansa, da fayafai shida naɗe cikin tsohon zani.

Idan maigidana ya tafi karatu da safe, nakan goya ɗana in shiga wurinta mu tsince shinkafa. Ran nan ta dube ni ta ce, "Ke 'yar Najeriya, kullum fuska kamar an kawo miki sammaci. Yalla, zauna ki ji abin da ya girmi kakarki."

Ta wana hannun, ta sauke allura a hankali. Aka fara da wata ƙara kamar ana suya a gidan maƙwabta, sannan muryar wani mutum ta fito, siririya, kamar daga cikin tulu yake waƙar. Larabci ne, ban fahimci komai ba. Can tsakiya, inda ya tsaya jan numfashi, sai na ji tari. Tarin yaro ne, sau biyu, busasshe. Sai wata mata ta ce "shhh", aka ja kujera, mutumin ya ci gaba.

Na ce, "Habboba, akwai yaro a ɗakin."

"Akwai," ta ce. "Shekara arba'in ina jin sa."

Ta gaya mini yadda mijinta ya ce ana yi a zamanin da. Babu lantarki. Mawaƙi ya sa baki a mazurari ya ɗaga murya, allura na zana sautin a kan faifan kakin zuma, kuma duk abin da ya yi motsi a ɗakin ya shiga ke nan, ba a gogewa.

Na ce, "Wannan tarin ai na ƙirji ne. An ba shi magani kuwa?"

Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "Yaron nan in ya rayu ya tsufa, ya yi jikoki, ya mutu, ke kuma yanzu za ki dafa masa citta? Ma'alish, ba komai. Ya Allah, ka ba ni maƙwabciya."

Ni ma na yi dariyar. Amma ranar da tarin na koma ɗakina, ba da waƙar ba.

Ina da wata 'ya a gida. Ita ce ta fari, shekararta uku a lokacin. Inna, mahaifiyata, ta ɗauke ta yaye, da tafiyarmu Masar ta taso ina da ciki, aka ce a bar ta a can tukuna. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayarsa a gaban manya, ba ta nuna ta damu. Ita kuma sunan uwar mijina ta ci, kunyar ta zama biyu. Ban taɓa faɗin sunanta da bakina ba. "Yarinyar nan" nake cewa, in ta kama dole.

Duk Juma'a Inna na aiko mini da saƙon murya ta wayar matar yayana. Gaisuwa, labarin damina, wa ya haihu, wa ya yi aure. Wani lokaci ta ce, "Ƙawata ta cinye mini ƙuli," ni kuma in amsa komai ban da wannan. Da can maganar Inna kawai nake saurara, in na ji in goge, don wayata ba ta da wuri. Bayan garmahon Habboba sai na koma manna wayar a kunne ina sauraron abin da ke bayan Inna. Ashe gidanmu duk yana ciki. Ga turmi, ga tunkiyarmu mai dasasshiyar murya, ga ƙofar langa-langa da ba ta rufuwa sai an ɗaga. Ga yarinyar nan kuma, tana buga kwano, tana surutu da kaji. Sai na daina gogewa. Na goge hotunan kogin Nilu don saƙonnin su samu wuri.

Juma'a ta huɗu na ji tari.

Na sa wa maigidana saƙon bayan ya dawo la'asar. Ya saurara da rabin kunne, yana cire safa. "Damina ce, kowane yaro na tari. Kuma yara nawa ne a gidan? Ta yaya kika san ita ce?"

Na sani. Takan ja wani ɗan numfashi kafin ta yi, tun tana jaririya.

Na danna wayar na ce, "Inna, na ji kamar..." sai na tsaya, na goge. Na sake, na goge. Ina jin yadda za a sa saƙon a tsakar gida, matar yayana da maƙwabta suna ji, a ce ta je Masar ta zubar da kunya, ga ta tana tambayar 'yar fari da baki. Abin da na aika a ƙarshe shi ne, "Ina gaida kowa da kowa, da yara. A riƙa rufa musu jiki." Inna ta amsa da cewa kowa lafiya lau.

Na kai wa Habboba ta ji. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ki tambaya mana. Mu ma muna da kunyar nan, amma ke ba a tsakar gida kike ba, ƙasa nawa ce tsakaninku?"

Na ce to. Ban tambaya ba.

Juma'ar da ta biyo, babu turmi a saƙon, babu tunkiya. Muryar Inna na dawowa kamar a ɗaki mai siminti. Akwai fanka, akwai ƙarar cokali a kofi, wani jariri da ban sani ba yana kuka, wata mata na kiran mutane da ƙarfi. Inna ta ce ta zo dubiya ne, ba za ta daɗe ba, a gaida maigidan. Ba ta faɗi wanda ta je dubawa ba. Na saurari saƙon nan har batirin ya mutu, ina neman tarin. Ban ji shi ba, na ce wa kaina wannan alheri ne. Ranar na ƙona wake, na sa wa ɗana riga a baibai.

Sai Juma'ar ƙarshe. Hantsi ne, ina tsaye a kicin, mai sayar da gas na buga ƙarfensa a titi. Inna ta dawo gida, na ji ƙofar langa-langa. Muryarta lafiya, sai dai tana magana a hankali kamar mai ɗauke da ruwa a ka. A bayanta kuwa takalma ne, da yawa, ana shiga ana fita. Ana shimfiɗa tabarma. Can nesa maza suka haɗa baki suka ce amin. Babu mai buga kwano. Sai wata tsohuwa ta shigo da sallama, ta ce, "Ya muka ji da haƙu..." wani ya ce "shhh".

Inna ta ci gaba da cewa gero ya yi kyau bana.

Na kashe murhu. Na zauna a ƙasa ina jiran maigidana. Da ya shigo ban gaishe shi ba, na ce, "Yaushe?" Ya tsaya da littattafansa a hannu. Ya ce ranar Talata. Yayana ya kira shi, suka ce kada a gaya mini tukuna, ina shayarwa, kada nonona ya ɗauke. Kwana uku ke nan yana cin abincina yana kallon kwano.

Na kira Inna, kira na sosai ba saƙo ba. Na faɗi sunan. Na ce ina take, da sunanta, sau uku, da ƙarfi, har Habboba ta ji ta shigo ba sallama ta karɓi ɗana. Inna ba ta ce mini na yi rashin kunya ba. Kuka kawai ta yi, ta ce, "Da kin tambaya da na gaya miki. Na ɗauka ba ki ji ba." Na ce na ji, Inna. Tun ranar farko na ji.

Malamai sun ce kwana ne ya ƙare, na yarda. Ba na cewa tambayata za ta hana. Amma da an sa mata wayar a kunne a ɗakin nan mai fanka, da ta ji ni ko sau ɗaya ina kiranta.

Habboba ba ta ƙara sa faifan nan in ina wurin ba, sai da na roƙe ta bayan wata biyu. Ta ce kowane sawa allura na cin faifan, shi ya sa take tsimi. Muka zauna, mutumin ya yi waƙarsa, yaron ya yi tarinsa, matar ta ce "shhh". Na ce, "Uwarsa ce." Habboba ta ce, "Ni ma haka nake gani."

Saƙo bakwai suka rage mini. Wanda na fi sawa shi ne na kafin tarin, inda Inna ke lissafa mini abin da za ta ba wani ɗalibi ya kawo: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa. Tana kan daddawa sai kwano ya faɗi, wata 'yar murya ta matso kusa ta ce, "Inna, kaza ta ci mini." Inna ta ce, "Ke, yi shiru, ina magana da uwarki."

Ta yi shirun. Yarinya ce mai jin magana. Saura minti ɗaya da rabi saƙon ya ƙare, kuma kullum sai na saurare shi har ƙarshe, ko za ta ƙara cewa wani abu.