Rawar Hannun da Na Dawo da Ita Daga Ramin Zinariya

Assalamu alaikum. Shekara biyu da wani abu ban rubuta komai a shafin nan ba. Masu turo saƙo ku yi haƙuri, da farko ba ni da waya, daga baya kuma hannuna bai iya riƙe ta.

Waɗanda sunka san ni sun san gyaran injin ban ruwa nike yi a Aliero, wurin manoman albasa. Gidanmu na Andarai.

Wani mutumin yankinmu ya same ni a kasuwar Jega, ya ce ana neman mai gyaran inji wurin haƙar zinariya a ƙetaren iyaka, wata shida in dawo. Ya san mahaifina, ya sha cin tuwo gidanmu. Ko sunan garin ban tambaya ba.

Ranar da munka isa, ni da sauran da ya kwaso, anka karɓe mana wayoyi da katin shaida. Inji ko ɗaya ban taɓa ba. An sa ni ɗakin ƙona zaiba, farin ruwan nan mai nauyi da ake kama zinariya da shi. Ɗakin langa-langa ne, babu taga, hayaƙin a fuskata yake ƙarewa. Masu bindiga na bakin hanya. Wata goma sha huɗu na yi.

Ba gudowa na yi ba. Da hannuna ya fara rawa ina zubar musu da kaya, sai sunka ɗora ni bayan motar gawayi.

Na iso gida na tarar Baba ya rasu, matata Saratu kuma, da na bari da ciki, ta haifi ɗiya. A zaure guda anka ba ni labarin biyu. Na ce to. Ban yi kuka ba, ban yi murna ba. Na nemi ruwa, rabinshi ya zube a rigata.

Masu zuwa yi mini barka da dawowa na ce musu kasuwa ce ba ta yi ba.

Dasashina na jini, yawu na zuba, bakina ɗanɗanon ƙarfe. Ƙaya ta shige ni a ƙafa ban sani ba, sai da Saratu ta ga jini a tabarma. Jaririyar ma ba a ba ni ita sai ina zaune an tokare ta da matashi.

A unguwa an ce ƙwaya nike sha. Inna ta ce iska ce, anka yi rubutu da turare. A Maiyama an yi mini allurar taifot. A asibitin Jega an ɗebi jini har sau biyu ba a ga komai ba, anka tura mu Birnin Kebbi. Saratu ta sayar da tumakinta munka tafi.

Likitar ta ba ni biro ta ce in rubuta sunana. Na kasa. Ta tambayi aikin da na yi a can, na ce kasuwanci. Ta ajiye takardar.

"Malam, ni ba 'yar sanda ba ce. In ban san abin da ya shiga jikinka ba, ban san abin da zan fitar ba."

Na faɗa mata. A nan Saratu ta fara jin labarin, tana tsaye bayana da goyo.

An tara fitsarina na yini guda a jarka, anka aika Sakkwato. Bayan kwana goma sakamako ya zo: guba ce, zaibar da na shaƙa. Mako uku ina kwance. Da safe ɗibar jini don a duba ƙoda, sai wasu ƙwayoyi masu wari da ba a samu kusa, sai an yi saƙo. Na ji ana cewa ƙodar na iya tsayawa. Tsoron ma ban ji ba, silin nike kallo.

Akwai wata ma'aikaciya mai zuwa zama da marasa lafiya. Ita ta ce abin da anka yi mini sunanshi safarar mutane, kuma laifin ba nawa ba ne. Na ce to.

A mako na biyu Umaru ɗan baffana ya zo duba ni, ya haɗa da sallama. Mutumin nan na kasuwar Jega ya samo mishi aikin tuƙi a can.

"Kai dai rashin sa'a ka yi, ɗan'uwa," in ji shi.

Na miƙa mishi hannuna biyu, na ce ya riƙe su su tsaya. Ya riƙe, ba su tsaya ba. Na ba shi labari tun daga kasuwar Jega har motar gawayi. Ya zauna bakin gado har anka kira la'asar.

Umaru bai tafi aikin ba. Shi ya raka ni munka kai ƙara, maganar tana hannun hukuma.

Yanzu da sauƙi, Alhamdulillahi. Na koma gyaran inji, ina kwance manyan notoci, ƙananan sai an taya ni. Likita ta ce wata rawar ba za ta bari ba. Zuciyar ma a hankali take farfaɗowa, ranar nan na je kabarin Baba na ɗan ji wani abu.

Malamin unguwarmu na ba ni lokaci bayan karatun magidanta, in faɗi abin da na gani. Allah shi saka mishi, shi saka ma Saratu da likitocin nan.

In an yi muku tayin aiki a nesa, ku nemi sunan gari da na mai aikin, ku yi magana da wanda ya je ya dawo. Kada ku ba kowa waya ko katinku. Wanda ya dawo muku shiru, kada ku ce ƙwaya ce, ku kai shi asibiti. Kai kuma da ka dawo, ka faɗa ma likita gaskiya.

Mutum biyu daga Maiyama sun bi mutumin nan a watannin da nike cewa kasuwa ce ba ta yi ba. Har yau ba a ji ɗuriyarsu ba. Ni kam ina gida. Su za ku sa a addu'a.