Shaidar Ɗanjuma a Mahaɗar Lakwaja

Da, in mutum ya dawo daga tafiya, abin da ya faɗa shi ke nan, a yi masa sannu da hanya a dama masa fura. Yanzu sai a ce ina hoto, in ka nuna a ce haɗi ne. Na daɗe ina faɗa a majalisarmu ta Rano cewa a Lakwaja, Neja da Binuwai suna haɗuwa ruwansu bai gauraya ba, ɗaya ja-ja ɗaya kore-kore, irin abin da na gani a Khartum. Taubashina Ɗanjuma, manomi daga Durba ta ƙasar Kibiya, ya ce ƙarya nake. Majalisa ta yanke in kai shi ya gani, in babu, kada a ƙara jin bakina. Ya ce ba zai bar gona ba sai an gama maimai. Na yarda, na manta lokacin hutun manomin Kibiya shi ne lokacin da koguna ke tumbatsa.

Hanya

Ana idar da sallar asuba muka shiga mota zuwa Kwanar Dangora, daga nan muka sami bas mai zuwa Abuja. Bayan Kaduna ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Baba, me ka riƙo mana?"

Ɗanjuma ya ce, "Addu'a, yaro. Allah ya sa ka fi haka."

A Zuba muka canja mota, muka ci doya da ƙwai a Abaji. Da muka hau gadar Jamata da ke kan Neja, Ɗanjuma ya leƙa ƙasa, sai ya jawo carbi.

Na ce, "Taubashi, ka ga ɗan rafin nasu?"

Ya ce, "Ina lazimi, ka ƙyale ni."

Cikin gari

Mun sauka wurin Alhaji Ndako, wani Banufe da muka yi fatauci tare. Da safe ya zaga da mu tsohon gari. Na ga Bamako, na ga Yamai, amma ban ga inda tarihi ke zaune da mutane kamar maƙwabci irin nan ba. Ga tsohon ofishin Turawa, an shanya zannuwa a shingensa. Ga coci, ga masallaci, ga mai tuyar ƙosai a tsakani tana sayar wa kowa.

Ɗanjuma ya dubi ofishin ya ce, "Daga nan aka mulke mu? Rumbuna ya fi shi lafiya."

Alhaji Ndako ya nuna mana wasu ƙarafa da aka ce bawan da ya taɓa su ya sami 'yanci. Ɗanjuma ya rungume ɗaya ya ce ko Allah zai raba shi da fartanya. Sai a kaburburan sarakunan da Turawa suka koro nan ne ya bar ba'a, muka yi musu addu'a. A kasuwar bakin ruwa, Nufawa da Igala da Yarbawa da Hausawa kowa na ciniki da yarensa, kifi ɗaya ya kai girman ɗan maraƙi. Wata mai kifi ta gane ni baƙo ne, na gaishe ta da Nufanci, ta yi dariya, ta ƙara kuɗi.

Kan ruwa

Muka shiga kwalekwale mai inji. Ko gaɓa ba mu bari ba Ɗanjuma ya kwanta a ƙasan jirgi, ya ja babbar riga ya rufe kai. Da muka isa mahaɗar, na duba. Gabas da yamma ruwa iri ɗaya, kamar kunun kanwa. Na tambayi matuƙin da Nufanci ina launukan. Ya ce, "Sai rani, Baba. Wa yake zuwa kallon nan da damina?"

Ɗanjuma daga cikin riga ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce mun iso. Tashi ka duba."

"Na gani!"

"Kanka fa a rufe yake."

"Na ce na gani, Alhaji! A mayar da ni tudu don Allah!"

Gida

Kashegari muka juyo, muka iso Rano bayan la'asar, majalisa a cike. Liman ya ce, "To Malam Ɗanjuma, yaya?"

Ya dube ni, na dube shi. In ya ce bai gani ba, sai a tambaye shi dalili, a ji tsoron ruwa ne ya sa ya rufe kai.

Ya gyara zama ya ce, "Alhaji ma rage muku yake yi. Launi uku ne. Har hannu na sa a tsakani."

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Alhaji Ndako da iyalinsa. Ba a kore ni daga majalisa ba. Amma tun daga ranar, duk mai son labarin Lakwaja wurin Ɗanjuma yake zuwa, ba wanda ya ƙara tambayata.