Abin da Usman Ya Koyo a Sijin

Jiya a hanyar Gadambaliya aka tsayar da lorina a shingen bincike. Aka lalube ɗana Usman tas, ba a samu komai ba.

Bara da na kama shi da wuƙa, da hannuna na miƙa shi ga hukuma, ya yi wata uku a sijin, wato gidan yari. Ni da na taso daga leburanci da gumina, ba zan raini ɗan daba ba.

Da muka wuce na ce, "Ka ga amfanin horo ko?"

Ya ce, "Yaba, tana jikina. A can aka koya mini inda ake ɓoye ta."

Haka na ci gaba da tuƙi har muka isa.

Ya jama'a, ɗan cikina nake tsoro yau. Ku iyaye, yaya zan yi da shi?